Hotunan da ke Bangon Makarantar

Damagaram, 9 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Iliya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Rahila da yara, Allah ya ƙara muku ƙarfi a zafin Agadas. Mu nan lafiya lau. Gero ya yi kyau a gonarmu ta Zermu, maigidana Filibus kuma ƙafarsa ta yi sauƙi har ya koma jan waƙa a majami'a, muryar dai sai haƙuri. Ka yi wa 'yarka Rifkatu barka da cin bak, jarabawar gama sakandare, ta fitar da mu kunya.

Ka ce in faɗa maka abin da za ka tambaya ran da za ku zo duba makarantar koyon aikin jinyar nan ta bayan gari, wadda ka aika wa takardun Rifkatu. Ka san ni da rashin haƙuri, ban jira ku ba. Ranar Talata da hantsi na hau kabu-kabu na je da kaina.

Gini kam ba laifi, fenti sabo. Amma Iliya, shekara talatin da ɗaya na yi ina jinya, hancina ya san inda ake koyon aikinmu. Can ko warin magani babu. Daraktan, wani dogo mai sanyin murya, ya kai ni wani aji. 'Yan mata wajen ashirin cikin fararen riguna, ba mai tari, ba mai motsi, ba malami a gabansu. Na gaishe su, suka amsa baki ɗaya kamar mutum guda. Sai na dubi hannuwansu, don mu nan muke fara dubawa. Kowacce da dogayen farce. Wace malamar jinya ce za ta bar ɗaliba ta taɓa majiyyaci da wannan?

To ga tambayoyinka. Ka ce su nuna maka takardar izini daga gwamnati, ka riƙe ta da hannunka. Ka tambayi gidan likitan da ɗalibai ke zuwa koyon aiki, da sunan wanda ke kula da su can. Ka tambayi inda suke samun ruwa, ka san halin garinmu da ƙarancin ruwa, ka murɗa famfon ɗakin kwana da kanka. Ni na murɗa, iska ce ta fito. Gadajen a shimfiɗe tsaf, amma ko takalmi ɗaya babu a ƙarƙashi.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan kuwa a ofishin daraktan na gan shi. An jera hotunan waɗanda ya ce sun gama bara. Ta uku daga dama na san ta. Hafsa ce, wata yarinya daga ƙauyen da na yi aiki wajen Hamdara, ga wushiryarta, ga tabon ƙuna a girarta ta hagu wanda ni na yi mata magani. Ko firamare ba ta gama ba. Sanƙarau ya ɗauke ta shekara shida ke nan, kuma da wannan hannun da nake rubuta maka na rufe mata ido. Amma ga ta a bango da farar riga da hula, tana murmushi.

Ban nuna masa na san ta ba. Na tambaye shi ina wannan take aiki yanzu. Ya ce tana nan tare da su, ba ta yi nisa ba. Ya ƙara da cewa za ta ji daɗin zuwan Rifkatu. Iliya, ban faɗa masa sunana ba, balle nata. A ƙarshen layin kuma akwai ƙusa guda da ba a rataya mata komai ba tukuna.

Filibus ya ce da na'ura ana iya ɗora kowace fuska a kan kowace riga, 'yan damfara ne kawai. Wataƙila haka ne. Amma Hafsa hoto ɗaya na san an taɓa ɗaukarta, na katin rigakafi, kuma a cikinsa kuka take yi. Ina jin tsoro, ban ɓoye maka ba.

In za ka zo, ka zo kai kaɗai, ka bar Rifkatu gida. Za mu nema mata wata makarantar ko da shekara za ta jira. Kuma kafin duk tambayoyin can, ka ce su maido maka da hotunanta da ka haɗa cikin takardun. Guda huɗu ka ce ka aika. Ka ƙirga su a gabansa, kada ka taso da uku.

Ka gaishe mini da Rahila, da Rifkatu, da auta Tabita. Filibus yana gaishe ka. Ubangiji ya tsare shigarku da fitarku.

Taka yayarka,
Rut