Ganyen da Akuya Ta Ƙi

Unguwar Gai, Kibiya,
15 ga Yuni, 2003.

Zuwa ga Goggona, Hajiya Ramlatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Mukhtar da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara muku rufin asiri a can Fatakwal, ya sa nisan da ke tsakaninmu ya zama alheri. Mu nan sai godiya. Damina ta sauka da kyau, gero ya fito, an fara noman fari. Baba yana lafiya, Inna ma haka. Makarantarta ta matan aure sai cika take yi tun da aka ƙaddamar da shari'a, har tabarmi ba sa isa. Kaka ƙafarta na ɗan damunta, amma bakin yana nan yadda kika bar shi. Takwararki, ƙanwata Ramlat, ta yi zazzaɓi makon jiya, ta warke sarai. Ni kuma ina gida hutun rabin zango, jibi zan koma makaranta a Rano.

Goggo, kin sha tsokanata cewa ranar da aka yi rabon baki ina bayan ɗaki. To, yau ina da labari, kuma ina roƙon ki karanta shi har ƙarshe. Iskar ruwan farko ta kayar da darbejiyar tsakar gidanmu, wadda ɗaliban Inna ke karatu a ƙarƙashinta. Aka fara shawarar abin da za a dasa a gurbinta. Baffa Mato ya je Kano ya dawo da dashe uku cikin baƙar leda, na wani tsiro mai dogon ganye siriri da fure ruwan hoda, irin wanda ake jerawa a gefen titi. Ya yi ta yabonsa. Ya ce ba ya son ruwa da yawa, kusan duk shekara yana fure, ba ya fasa katanga, kuma babban abin, ba sai an yi masa shinge ba, domin ko akuya ba ta cinsa. Kowa ya yaba, aka ajiye ledojin kusa da rijiya kafin a sami ranar dashe. Ni kuwa na san shi. Malam Abdurrahman, mai koya mana aikin gona, ya taɓa kawo reshensa aji. Ya ce sunansa oliyanda, kuma ganyensa da furensa da ƙaronsa duk guba ne, har hayaƙin icensa.

Dama ina da nawa dashen da ban gaya wa kowa ba. Akwai wata bishiya a tsakar makarantarmu, fulamboyan, mai baza rassa kamar laima, wadda ke yin jan fure gab da damina har sai ka ɗauka wuta ce ta kama ta. Na tsinci 'ya'yanta, na jiƙa su a ruwan zafi kamar yadda aka koya mana, na shuka a gwangwanin madara bayan ɗakin Inna. Ɗaya ta fito, ta kai tsawon kamu biyu. Ba zan ɓoye miki aibinta ba. Sai ta yi shekara huɗu ko biyar kafin a sha inuwarta, tana kaɗe ganye da rani, saiwarta na bin saman ƙasa ta fasa gini in an dasa ta kusa, kuma in ba a killace ta ba awaki za su cinye ta rana ɗaya. Sai dai duk wanda ya zauna ƙarƙashinta zai tashi lafiya. Na rubuta wannan duka a takarda, bishiya a dama, fure a hagu, da niyyar miƙa wa Baba. Kwana uku takardar tana cikin hijabina. Duk lokacin da na durƙusa gaishe shi, sai in tashi da abina ban miƙa ba.

Kin san gidanmu, Goggo. Ba mu san tsiron kallo ba. Duk abin da ya fito a tsakar gida, wani zai karya reshensa ya yi asuwaki, wata ta tsinki ganyensa ta dafa, saura a watsa wa tumaki. Ranar Laraba da hantsi na fito na tarar Kaka ta ɗora tukunyar sirace saboda zazzaɓin takwararki. Na leƙa, sai na ga siraran ganyen nan suna juyi cikin na mangwaro da na gwaiba. Na tambaye ta a hankali. Ta ce tunda darbejiya ta faɗi ai dole a nemi madadinta, ta taɓa sabon ganyen a harshe ta tofar, ta ji ɗacinsa har ya fi na darbejiya, kuma duk abu mai ɗaci magani ne. Ta ce in an gama siracen za ta tsiyaya kaɗan a kofi yarinyar ta sha. Ramlat na kwance a tabarma an riga an kawo zanen lulluɓa. Ban san lokacin da na sa hannu na sauke tukunyar ba, ko tsumma ban nema ba. Na kai ta bayan gida na kifar. Yatsuna biyu sun ƙone, shi ya sa rubutuna ya karkace, ki yi haƙuri.

Kaka ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta ce ta yi jinyar 'ya'ya tara da jikoki ba adadi kafin a haife ni, yau ga likitar da ko allura ba ta da ita ta zo koya mata magani. Bayan la'asar Baba ya kira ni zaure, Baffa Mato na zaune. Baffa ya yi dariya ya ce boko ya sa yaran yanzu tsoron fure, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce da guba ne gwamnati ba za ta jera shi a titi ba. Idona na kan tabarma, na yi magana. Na ce Baffa ya gafarce ni, shi da bakinsa ya ce akuya ba ta cinsa. Na ce awakin Kaka sun cinye mini littafin lissafi, sun ci sabulu, sun ci gefen tabarmar Inna, amma kwana biyar ledojin nan suna bakin rijiya sunsunawa ɗaya suka yi suka wuce. Abin da akuya ta ƙi, ta yaya za mu ba 'yar shekara huɗu? Na ce a titi ba mai dafa shi, a gidanmu kuwa har an dafa. Daga nan na ciro takardata na miƙa da hannu biyu.

Baba ya karanta har sau biyu. Sannan ya ce a ɗauke ledojin daga bakin rijiya a kulle a ɗakin ajiya har a tabbatar. Baffa ya ce shi zai tabbatar da kansa, don a daina ɓata wa furensa suna. Washegari ya naɗe reshe ɗaya a jarida, ya hau babur zuwa wurin malamin dabbobi a Rano. Da azahar ya dawo. Bai shiga zaure ba, kai tsaye ya wuce ya ɗauki fartanya da diga, ya tsaya a tsakar gida yana tambayar ina 'yar gwangwanin nan take, kuma taku nawa za a bari daga katanga. Na ce goma sha biyu. Ya auna da ƙafarsa yana ƙirgawa da ƙarfi kowa na ji. Daga baya ya gaya wa Baba malamin ya ce ganye kaɗan ya isa ya kayar da saniya, balle yaro. Baffa ya ce furen nan kyan ɗan maciji ne da shi.

Baba ya ce ni zan sa bishiyar a rami da hannuna. Na sa, ya yi addu'a, ɗaliban Inna suka shafa. Baffa ya kewaye ta da ƙaya, ya kafa wa masu karatu rumfar kara kafin inuwa ta samu. Dashen nan uku kuwa an binne su can nesa da rijiya, don na tuna musu kada a ƙone. Kaka har yau ba ta ce na yi daidai ba. Sai dai ita ke shafa mini man kaɗanya a yatsu safe da yamma, tana mitar cewa ba za ta ga inuwar wannan tsinken ba. Amma jiya na kama ta tana zuba masa ruwan alwalarta.

Yanzu ga abin da ya sa na ƙi jira sai na koma makaranta. Na tambayi Baffa inda ya fara sha'awar furen, ya ce a hoton Babbar Sallah da kika aiko ne. Na ɗauko hoton na duba. Shi ne a jere a ƙofar gidanku, ga 'yarki Afra'u tsaye a jikinsa da fure ɗaya a hannu, kusa da bakinta. Goggo, ba ni da girman da zan ba ki umarni, roƙo nake. Ki sa a tuge shi, wanda zai tuge ya rufe hannunsa da leda, kada a ƙone, kada a jefar inda dabba za ta kai.

Ki miƙa gaisuwata ga Alhaji Mukhtar, ki shafa mini kan Habibullahi da Afra'u. Baba da Inna da Kaka suna gaishe ku, Baffa Mato ma ya ce a gaishe ku, kuma a gaya miki wannan karon ki ji maganar yarinya. Ina jiran amsarki, ko da layi ɗaya ne mai cewa an tuge. Allah ya tsare mana ku.

Wassalam. 'Yarki,
Mu'minat Sharu