Dala Ashirin da Awa Biyu na Rana

Litinin, 12 ga Yuni

Na zuba dala ashirin. An gama, an rufe.

'Yata Shona ce ta jawo min. Ta zo hutu daga Whanganui ta same ni ina goge tukwanen da na riga na goge jiya. "Mama, shanu ma suna hutun tatsa, ke ba kya iya zama?" Sai ta buɗe tsohuwar kwamfutar gona ta nuna min poka, cacar kati ta intanet. Kati biyu a hannunka, biyar a tsakiyar tebur, ko ka bi ko ka ajiye. Teburin 'yan koyo ne, santi ɗaya da santi biyu. Kafin shayi ya huce na ci santi arba'in a hannun wani mai hoton kada. Ihun da na yi, sai da kare ya bar ɗakin.

Amma ni 'yar Babana ce, na san inda gonar gidanmu ta Patea ta tafi. Cacar tseren dawaki ce ta cinye ta, Asabar bayan Asabar. Don haka na tare mijina Kelvin a bakin ƙofa, ko takalman roba bai cire ba, na rantse a gabansa. Ashirin ɗin nan ita ce jarina, sau ɗaya tak. Daga sha biyu zuwa biyu na rana lokacina ne, shi zai riƙe aikin tsakar rana. Ranar da kuɗin suka ƙare na rufe kwamfuta, na koma matsar da shinge da raba ciyawa kamar yadda na yi shekara talatin da ɗaya.

Ya sosa ƙeya. "To, Rae, game da awa biyun nan..."

Na ce kada ma ya fara, na san abin da zai ce. Mutumin nan kafin ya kai ƙarshen zance madara ta yi tsami. Ko ranar da ya nemi aurena, a cikin motar babansa, ni na ƙarasa masa.

Laraba, 14 ga Yuni

Dala 23 da santi 10!

Na gano wani abu. Tsakar ranarmu tsakar darensu ce. Mutanen Turai ƙarfe biyun dare suke zaune, wasu da barci wasu da giya a kai. Ni kuwa na ci gasasshen burodi da cuku, idona garau. Mai kada ɗan Brazil ne. Yau ya turo min hoton jaki. Na mayar masa da biyu.

Juma'a, 23 ga Yuni

27. Sanyi har cikin ƙashi, dutsen da muke hangowa daga gona ya yi fari fat da ƙanƙara, ni ko ina gefen murhu da katina.

Zan rubuta tunda ba mai gani: ban taɓa samun abin da yake nawa ni kaɗai ba. Komai na gona ne. Ranar da na cika hamsin kyautar da na samu tirelar shayar da maruƙa ce, kuma ni na zaɓe ta da bakina. Awa biyun nan ba wanda ya san ni da shanu. Daɗi nake ji kamar yarinya.

Talata, 4 ga Yuli

19. Ba komai.

Lahadi, 9 ga Yuli

Shona a waya: "Mama, cikin rabon kati goma, nawa kike shiga?"

Na ce tara.

"Tara?! Biyu ake shiga, uku in an matsa. Sauran ajiyewa ake yi."

Na ce ni ban zo kallo ba. In an raba min kati ai wasa aka ce in yi. Ta ce Allah ya shirye ni. Yarinyar da na goya!

Alhamis, 20 ga Yuli

8 da santi 35. Mai kada ya tatse ni tas. Duk abin da ya zuba sai na bi, don kawai in ga me yake riƙe da shi. Na gani kuwa.

Kelvin ya shigo shan shayi ya ga fuskata. "Rae, ni fa awa biyun nan..." Na ce ai ban ƙare ba tukuna, ya adana murnarsa. Ya ɗauki biskit biyu ya fita.

Alhamis, 3 ga Agusta

An fara haihuwa, maruƙa sha ɗaya tun Litinin. Tatsa ta dawo. Duk da haka sha biyu na yi sai Kelvin ya ce, "Je ki." Ina ganinsa ta taga shi kaɗai da bokitai. 3 da santi 30.

Talata, 8 ga Agusta

Dala ɗaya da santi goma sha huɗu.

Katin banki yana cikin jakata, taku huɗu daga nan. Na daɗe ina kallon jakar. Sai na tuna Baba yana cewa Mama, "Biyar kawai, Asabar ɗin nan ce tamu." Na kai jakar cikin mota na kulle. Tsoro nake ji, gaskiya. Ba kuɗin ba ne, kuɗin ko man babur ba su kai ba. Awa biyun ne.

Gobe akwai gasa, kuɗin shiga dala ɗaya da santi goma. Ko a mutu ko a yi rai.

Laraba, 9 ga Agusta

Tabɗi! Bari in bi shi daki-daki.

Mutum ɗari huɗu da 'yan kai muka shiga. Sittin na ƙarshe ne kawai za su samu kuɗi. Rabo na huɗu na zuba duk abin da ke gabana da katin banza, kamar yadda na saba, mutum biyu suka biyo ni, sai Allah ya ba makaho sa'a. Tarin da ke gabana ya ninka uku. Ina cikin rawa a kujera sai ga ƙarar babur ɗin Kelvin har bakin taga.

"Rae! Doreen ce. Haihuwa ta tsaya, ƙafar ɗan ɗaya ta maƙale a baya."

Doreen, saniya mai lamba 212, wadda ta yi kama da gwaggonsa har kallon raini. Hannun Kelvin kamar shebur yake, ba ya shiga. Nawa ne ke shiga. Na kalli kwamfuta, na kalle shi. Na ce masa wata magana da ba zan rubuta ba, na sa takalma.

A cikin taɓo muka same ta kwance. Na zura hannu har kafaɗa, na lalubo ƙafar, na juyo ta da kyar. Muka ɗaura igiya. Ni so nake in ja kawai a gama in koma.

"Dakata," in ji shi. "Sai ta yunƙura."

"Kelvin, kuɗina na can suna..."

"Sai ta yunƙura, Rae. In kin ja yanzu kin yaga ta."

Haka muka yi. Ta yunƙura mu ja, ta huta mu tsaya. Yawancin aikin tsayuwa ce kawai a cikin ruwan sama. Can sai sulluɓ! Maraƙa mace, baƙa da farin goshi, tana atishawa. Doreen ta harare mu ta fara lasarta.

Awa ɗaya da minti ashirin. Na dawo gida ina cewa shi ke nan, sai in rufe kwamfutar in wanke hannu. Na duba. INA NAN A TEBUR! Duk rabon da aka yi ba na nan, na'urar ta ajiye min katin da kanta. Kuɗin zama da ake cira kowane zagaye ya cinye kusan komai, saura ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma mutum hamsin da biyu ne suka rage. Ɗari uku da hamsin sun kashe junansu ina can hannuna cikin saniya.

Na zauna da jini har gwiwar hannu. Na ajiye, na ajiye, na ajiye, hannuna na ƙaiƙayi. Sai ga katin sarki har biyu a hannuna. Na zuba duka, na ci. Na ƙare gasar a matsayi na goma sha tara.

Dala shida da santi arba'in. Na yi guɗa, kare ya sake fita.

Alhamis, 10 ga Agusta

Na gaya wa Shona. Dariya har da tari. "Wato Mama, kujerarki ba kowa a kai ta fi ki iya wasa?"

Na kashe wayar. Amma na kwana da maganar.

Lahadi, 27 ga Agusta

Na manna takarda a gefen kwamfuta: SAI TA YUNƘURA. Kelvin ya gani, na ga gashin bakinsa yana motsi.

Sabuwar doka: ba na zama da abin da ya wuce kashi ɗaya cikin ashirin na jarina. Yanzu gasar santi ashirin da biyar nake shiga, da waɗanda ake shiga kyauta. Ina saƙa wa jikar Kelvin ta wajen ƙanwarsa hula tsakanin rabo da rabo, don hannuna ya samu abin yi. 11 da santi 80.

Juma'a, 15 ga Satumba

24! Na wuce inda na fara. Da yayyafi kogi kan cika.

Mai kada ya dawo. Sau bakwai ya tsokane ni, sau bakwai na ajiye. Na takwas ina da abin hannu, ya biyo ni da duk kuɗinsa. Jaki ya turo. Ni fure na tura masa, kuma wallahi ya fi daɗi.

Laraba, 18 ga Oktoba

58. Jiya na yi asarar dala huɗu ban ko ji a jikina ba, na rufe ƙarfe biyu daidai na tafi kawo shanu. Na biyo su a baya a hankali, ban matsa hon ko sau ɗaya ba. Kelvin ya tambaye ni ko babur ɗin ya lalace ne.

Talata, 21 ga Nuwamba

103 da santi 60. Na cire ashirin ɗin farko na saka a gwangwanin shayi. Duk abin da ya rage yanzu, na ci ne da hannuna.

Ƙarfe biyu Kelvin ya shigo, na nuna masa gwangwanin. Ya daɗe yana kallo. Ya cire hula, ya sosa ƙeya.

"Rae, game da awa biyun nan..."

Bakina ya riga ya buɗe. Ban san me ya same ni ba, sai na ji ina saƙa a raina, bari in ga katin da zai fito. Na rufe bakin.

Ya duba taga. Ya duba kare. Ya gyara murya.

"Tun watan Yuni nake so in ce miki... naki ne. Ko kuɗin sun ƙare, ko ba su ƙare ba. Ke kika haɗa su da ashirin ɗin, ba ni ba." Ya sake sosa ƙeya, na sake jira. "Daga rumfar maruƙa nake jiyo dariyarki. Na daɗe ban ji ta ba. Da gangan nake barin ƙofar a buɗe."

Ya ɗauki biskit biyu ya fita.

Minti ɗaya da rabi, na duba agogo. Wata biyar ina tsoron abin da minti ɗaya da rabi zai warware. Na kasa tashi daga kujerar, har shanu suka fara kuka a bakin shinge.

Ba wai na canza ba ne. Ni dai kawai ina tunanin ranar nan a motar babansa. "Rae, ina so..." ya ce, ni ko na ce e, na yarda, a yi biki watan Maris. Ban taɓa jin sauran ba.

Gobe zan dafa shayi a babbar buta, in tambaye shi, in jira.