Shuɗin Zanena a Wasan Sale

Cadawa, daren Talata

Sale, babanka Malam lafiya lau, tarin Inna ya yi sauƙi. Ni ce ba lafiya, kuma kai ne ciwon, ɗana.

Yau a kasuwa Rabi mai ƙuli ta miƙo mini salularta. "Uwar Sale, zo ki ga ɗanki!" Sabon wasan barkwancinka ne. Ka fito a tsohuwa mai mita, tana zargin kowa da sata. Na yi dariya har da hawaye, sai na lura da zanen da ka ɗaura. Shuɗin zanena ne, wanda na yi wata biyu ina zargin maƙwabta a kansa! Muryar ma tawa ce, har da tsakin.

Rabi ta ce, "Wallahi ko tafiyarki bai bari ba."

Juma'a sunan jikata a Agiye, kuma duk dangi sun kalla. Da wane ido zan shiga?

Na so in yi maka faɗa ta saƙon murya, sai na tuna abin da za ka yi da muryar. Takarda na rubuta, direban Maraɗi zai kawo maka. Allah ya saka wa malamar yaƙi da jahilci, rubutu ba ya tsaki.

Sale, ka amsa kafin Juma'a, kuma a wanke ka maido zanena.