Guntun Fiffike a Bakin Teku

Kura, watan Fabrairu

Yaya Badamasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti, ya zaman baƙunta a tsibirin mutane? Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage cin kifi kada ka manta ɗanɗanon tuwo. Na rubuta wannan da hannuna, zan ɗauke shi a hoto in turo maka, don in na kira ka murya ba za ta bar ni in faɗa ba.

Jiya da hantsi ina yankan tumatir na shanya sai na ji a rediyo an ce teku ya turo wani guntun fiffiken jirgin sama a wani tsibiri na gabashin Afirka. Wai ana zaton na jirgin su Maharazu ne. Da suka faɗi sunan wurin sai na ji kusa da kai ne. Wuƙar tana hannuna har 'yata Rauda ta zo ta ja mini zane ban sani ba.

Yaya, shekara biyu ke nan da wani abu ina auren mutumin da ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Ya tafi sayo kayan injin ban-ruwa, tafiyarsa ta farko a jirgi, yana ta murna kamar yaro ranar sallah. Ka je ka gano mini abin nan da idonka.

Kuma ka faɗa mini yadda teku yake. Ni iyakata madatsar ruwan Tiga, ita ma sau ɗaya. Da la'asar nakan zauna a bakin babbar kwatar ruwan da ta bi ta bayan gonarmu, in ga ganye yana tafiya a kai a hankali, sai in ce ko haka teku yake ɗaukar abu ya kai inda ya ga dama. Ina yawan mafarkin Maharazu. Kullum yana wani tsibiri mai itatuwan kwakwa, babu waya babu hanya, yana tsugune yana gyara wa mutanen wurin injin, hannunsa duk baƙin mai. In na yi masa magana sai ya ce, "Bari in ƙarasa wannan."

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Surayya

*

Daga tsibiri, watan Maris

Ƙanwata Surayya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ki ce wa Inna kifin ne yake cina, ba ni nake cin sa ba. Ki shafa mini kan Rauda.

Na je. Na ɗauki hutu na shiga kwalekwalen masunta, muka wuni a ruwa ina ta amai suna ta yi mini dariya. Abin yana harabar 'yan sanda, an kewaye shi da igiya. Girmansa ya kai ƙyauren zauren surukinki Baba Abdulsamad, ruwan toka ne, gefe ɗaya a yage. Wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo sun manne a jikinsa cunkus, kamar yadda kaska take cika kunnen saniya. Matar da ta tsince shi ba ta san ko mene ne ba. Ta jingine shi a bayan ɗakinta tana shanya ƙananan kifi a kai, sai da wani malamin makaranta ya ga lambobi a jikinsa. Yanzu an tafi da shi ƙasar waje a bincika.

Ba ni kaɗai na je ba. Na tarar da wata tsohuwa daga can ƙasashen gabas, 'yarta tana cikin jirgin. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta nuna mini hoton 'yar a waya, na nuna mata na Maharazu ranar ɗaurin aurenku, da babbar rigar da ta yi masa yawa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta riƙe mini hannu.

Kin tambayi teku. Ki tuna fadamar Kadawa in alkama ta yi kore, iska tana kaɗa ta har iyakar ganinki. To ki cire bishiyoyi, ki cire mutane, ki cire iyakar. Kuma ba ya yin shiru ko kaɗan.

Ba a tabbatar da komai ba tukuna. Ki ci abinci.

Yayanki, Badamasi

*

Kura, watan Afrilu

Zuwa ga ɗana Badamasi,

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Aminci ya tabbata a gare ka. Bayan haka, ni ne Abdulsamad mahaifin Maharazu. Na rubuta maka da ajami don na san ka yi allo.

Surayya ta karanta mini takardarka, Allah ya saka maka da alheri. Ina da roƙo. Ni tun daminar farko zuciyata ta gaya mini ɗana ya riga mu gidan gaskiya. Na yi shiru ne saboda yarinyar nan. Har yau ita take buɗe shagonsa tana share shi. Kayansa a goge suke a ninke. Manoma suna kawo injin da ya lalace, sai ta ce su ajiye ya kusa dawowa, har injina sun taru a lungu masu su suna jin kunyar karɓa. Ta rame. Takan zauna a bakin ruwa har sai an aika a kira ta.

Na je wurin alƙali. Ya ce maganar ba tawa ba ce, matarsa ce za ta kawo ta da bakinta, sannan shari'a ta duba. Ni kuwa ba zan iya ce mata ta je ba, kada ta ɗauka korar ta nake. Allah shi ne shaida, gidan nan nata ne da 'yarta muddin ina numfashi. Amma yarinya ce, ba daidai ba ne ƙuruciyarta ta ƙare a bakin kwata. Ni ma na tsufa, ina so in tsaya a sahu in yi wa ɗana salla kafin a yi tawa.

Kai ka ga ruwan nan da idonka, kuma maganarka tana shiga kunnenta. Abin da ka gani ka gaya mata, kada ka sassauta, kada ka ƙara.

Allah ya dawo mana da kai lafiya. Wassalam.
Abdulsamad

*

Kura, watan Afrilu

Yaya Badamasi,

Salamu alaikum. Ina fata kana lafiya. An gama tumatir, zafi ya sauko, ruwan kwata ya ja baya har ana ganin gansakuka a gefen siminti.

Na san Baba ya rubuto maka. Ni ya ba wa takardar in ɗauka a hoto, ya manta tare muka yi allo da kai. Ban yi fushi da shi ba. Na shiga ɗaki na yi kuka, na fito na dama masa kunu.

Amma Yaya, fiffike ba mutum ba ne. Ƙadangare yana yar da jelarsa ya tsira. Idan guntun ƙarfe ya iya tafiya a kan ruwa har ya isa inda mutane suke, me zai hana mutum mai hannu da ƙafa? Maharazu ya iya ruwa, tun suna yara suke tsalle daga kan gada su faɗa kwata. Kowa yana so in je gaban alƙali in ce mijina ya mutu. In na faɗa, ni na kashe shi ke nan da bakina. In kuma ya dawo ya tarar na yi masa takaba, da wane ido zan dube shi?

Shekaranjiya na sake mafarkin. Wannan karon ruwa ya shigo gonarmu, shuɗi, ya rufe kunyoyin albasa, kifaye suna wucewa ta tsakanin ganye. Ina tafiya a ciki ban jiƙe ba. Na hango shi can nesa a kan kunya, na ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga, amma ban gane ko kirana yake ko sallama ba.

An ce teku yana turo jakunkuna da takalma a wurin. Ranar da ya tafi takalmin fata ne a ƙafarsa, ruwan ƙasa, ɗinkin Kano, an sake wa na hagu maɗauri. Ka duba mini. Kuma ka amsa mini tambaya ɗaya tsakaninka da Allah: mutum zai iya yin tafiyar da fiffiken nan ya yi?

Ƙanwarka, Surayya

*

Daga tsibiri, watan Mayu

Surayya,

Assalamu alaikum. Na jinkirta amsa, ki yafe ni. Na rubuta na yaga ya fi a ƙirga.

Sakamako ya fito, wataƙila kin ji a rediyo. Fiffiken na jirginsu ne. Sun ce halittun da suka manne masa sun nuna ya fi shekara yana yawo a ruwa, daga wuri mai nisan da ko jiragen ruwa ba su cika bi ba.

Na koma na duba takalma. Ni da tsohuwar nan muka bi gaɓa tun daga asuba har rana ta take. Takalma suna nan da yawa, Surayya, na yara da na manya, ko wanne ƙafa ɗaya. Teku yana kwaso su daga duk duniya. Ban ga nasa ba. Da na so in yi miki ƙarya in ce na gani don ki huta, amma ba zan iya ba.

Saboda tambayarki na roƙi wani tsohon masunci ya kai ni can ciki, inda ba a hango ƙasa. Ya kashe injin. Ko ta ina ruwa, sama da ƙasa launi ɗaya, har na rasa gabas. Na tsoma hannu na ɗanɗana, gishiri ne zalla, ba ya kashe ƙishi. Na tambaye shi kwana nawa mutum zai yi a nan. Ya ce ƙanensa ya fi kowa iya ruwa a garinsu, kuma a ranar da kwalekwalensu ya kife ana hango fitilun gari. Duk da haka bai kai gaɓa ba.

Ƙanwata, kin ce tsakanina da Allah. Mutum ba zai iya ba. Maharazu ya rasu, ya daɗe da rasuwa, tun Rauda ba ta fara tafiya ba. Ba bakinki ne zai kashe shi ba. Wanda ya ba shi rai ya karɓi abinsa a inda ya rubuta, kuma malamai sun ce wanda ruwa ya ci shahidi ne.

A can cikin ruwan na so in yi masa addu'ar mamaci, sai na fasa. Na ga ba ni ya kamata in fara ba.

In kin ga dama ki yi fushi da ni. Ina nan.

Yayanki, Badamasi

*

Kura, watan Yuli

Yaya Badamasi,

Wa alaikumus salam. Na ga kiranka duka, ban iya ɗauka ba. Ruwa ya sauka, ana ta dashen shinkafa.

Ran Litinin na ce wa Baba ya raka ni wurin alƙali. Muryata ta fita, na faɗa da bakina, alƙali ya tabbatar da rasuwarsa. Jiya Juma'a aka yi masa salla a filin ƙofar gida. Na leƙa ta zaure, sahu har bakin hanya, manoma da laka a ƙafafunsu, Baba a bayan liman, gabansu kuma babu komai sai ƙasa. Ban san sallar gajeriya ce haka ba.

Na shiga takaba. Mata sun cika gida. Tun da ya tafi duk wanda ya gan ni cewa yake, "Allah ya bayyana shi." Jiya Inna ta shigo ta zauna kusa da ni, ta ce, "Surayya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Maharazu."

Na ce amin.

Yanzu kai ma ka yi masa.

Ƙanwarka, Surayya