Hannun Guduma

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ɗiyata, 'yar rigimata? Na san tana nan tana caza miki kai. Allah ya saka miki da alheri kan riƙon da kike mata.

Mun dawo sansani, kakar ƙwallon hannu ta bana ta kusa farawa. Ƙungiya ta ɗauki sabuwar likitar gashin ƙashi da jijiya, wata doguwa da ba ta son wasa. Ranar farko ta jera mu a ɗakin canza kaya, ta ɗauko tef irin na tela tana auna damatsanmu, dama da hagu. Sannan ta kwantar da mu kan benci tana murɗa kafaɗa gaba da baya. Da aka zo kaina ta daɗe tana kallona. Ta ce hannuna na dama ya bar na hagu nesa, kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Aka kwashe da dariya, mai tsaron ragarmu ta ce ai shi ya sa ake ce min Guduma.

Likita ba ta dara ba. Ta ce ba girman ne ya dame ta ba. Naman gaban kafaɗar da ke jifa ya yi ƙarfi, na bayan da ke taka masa birki ya yi sanyi. Ta ba ni wata roba in riƙa ja safe da yamma. Ina ja, Yaya, ko da yake ji nake kamar wasan yara.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki.

Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin maigidan? Na ji an ce ya yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi.

Ni kam ba zan ɓoye miki ba, ba na jin daɗi. Ɗayar da muke jefa ƙwallo tare ta karye a ƙafa, duk nauyin ya dawo kaina. Babu wasan da ake cire ni. Yanzu ba na iya kai hannu baya in ja zif ɗin riga, sai abokiyar ɗakina ta taya ni. A kan hagu kawai nake kwanciya.

Likita ta sake awo. Tazarar ta ƙaru, kuma kafaɗar ba ta juyawa kamar da. Ta je ta sami koci ta ce a hutar da ni 'yan makonni. Har daga bakin famfo ina jiyo muryarta. Koci ba mugu ba ne, Yaya. Ya kira ni ofis, ya ce zaɓi nawa ne. Amma ya ce idan muka ci gaba da faɗuwa za a mayar da mu rukunin ƙasa, masu ƙungiya kuma sun ce daga nan sai rushewa. Da na fito sai na tarar da yaran ƙungiyarmu zaune a baranda sun zuba min ido. Wasunsu ba su da wata sana'a sai wannan. Ki gaya min, me zan ce musu?

Ina bugawa. Kafin kowane wasa likita takan ɗaure min kafaɗa da filasta.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun nan kamar tafiyar kaza, da hagu nake yi.

Abin ya faru a wasanmu na kusa da ƙarshe. Na yi tsalle na ɗaga hannu zan jefa, sai na ji wani abu ya kece a ciki kamar an yaga tsumma. Ƙwallon ko raga bai kai ba. An yi min tiyata. Likitan da ya yi aikin ya ce jijiyoyin sun daɗe suna zaizayewa, ranar dai suka ƙarasa. Na tambaye shi yaushe zan koma fili, sai ya gyara tabarau ya ce mu fara fatan hannun ya kai tsayin kafaɗa tukuna.

Kuma mun sha kashi a wasan, da na bayansa. An rushe ƙungiyar. Yaran sun kwashe kayansu, kowa ta kama gabanta. Koci ya zo asibiti sau ɗaya, ya zauna yana kallon takalminsa har ya tashi. Likitar gashi ce ke zuwa kullum, ita ma ba ta da aiki yanzu. Ita take taje min kai. Ba ta taɓa cewa ai ta faɗa ba. Jiya da ta kwance bandeji na ga damtsen ya zube, fata ta saki. Na kawar da kai.

Ban san abin da zan yi ba in na dawo. Tun ina yarinya jifa kawai na iya.

Za a sallame ni ƙarshen mako, zan shigo motar safe. Roƙo ɗaya nake miki. Idan kun zo tarba ta a tasha, ki riƙe hannun 'yar rigimata da kyau. Tana hango ni za ta sheƙo da gudu ta yi tsalle, ni kuma ba zan iya cafe ta ba. Ki riƙe ta har in ƙaraso in durƙusa.

Ƙanwarki.