Ƙaguwoyin Hadiza

Daren Laraba, Sabo

Har yanzu hannuna ƙarni yake. 'Yata Hadiza ta kawo ƙaguwoyi daga bakin tekun Legas don binciken digirinta, sai robar ta tsage, ruwan gishirin ya tsiyaye. Da na ga suna kumfar baki, na ce shi ke nan, wahalar yarinyar nan ta tafi a banza. Na jawo ruwan rijiya zan zuba.

Ta ce, "Baba, kar ka zuba! Numfashi suke. Abin shaƙarsu yana cikin ɓawo, in da danshi iska ma ta ishe su, ruwan rijiya kuwa zai kashe su."

Ashe kamar goro suke! Na jiƙa buhu da ragowar ruwan, na lulluɓe su yadda nake wa gorona.

Ɗazu na leƙa, ɗaya ta dantse min yatsa. Ban taɓa jin daɗin ciwo haka ba.