Gidan Da Muka Saya Wa Baba

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ya aiki, ya zafin rana? Direban kamfaninku ya ce jibi zai koma wurin da kuke gina madatsar ruwan, shi ya sa na zauna rubutu a kan kwali, don tebur yana can ƙarƙashin kaya. Wannan daji naku da waya ba ta shiga, Allah ya fito da kai lafiya.

To, mun tare! Yaya, mun bar gidan haya. Da dillali ya miƙo min makulli sai ga hawaye shar, kunya kamar in nutse. Masu ɗaukar kaya sun fasa madubin Mama, Allah ya jiƙanta, sun karya ƙafar kujera, amma ko uffan ban ce ba, ni da ka san bakina.

Gidan yana nan yadda ka gan shi a hoto. Tayil sumul, bango fari ƙal, famfo har cikin kicin, ba sauran layin banɗaki da 'yan haya. Unguwar tsit, ko kukan yaro ba ka ji.

Tsarin da ka yi mana nake bi. Albashinka na biyan bashin banki ne, nawa na kantin magani shi ne cefane da wuta da ruwa da maganin Baba. Nama sai ranar albashi. Na daina hawa tasi, bas nake bi, ga nisa ya ƙaru, in na fita da sassafe sai magariba.

Baba kuwa, na riƙe hannunsa na zagaya da shi ɗaki ɗaki. Ya shafa bango, ya sake shafawa, ya ce, "Auta, bangon nan bai ce min komai ba." Na yi ta dariya. Ya sa maka albarka har muryarsa tana rawa. Sai dai bayan na zaunar da shi a bakin gado, ya ɗago kai ya ce, "Ta ina ƙofa take?" Shekara da shekaru da makancewarsa, ban taɓa jin ya tambayi ƙofa ba. Zai saba dai, ko?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Amincin Allah ya tabbata a gare ku. Takardarki ta iso, na karanta ta a bakin inji, na sake karantawa a masauki. Alhamdu lillahi. Tun ranar da mai gidan haya ya tsaya a tsakar gida yana yi wa Baba tsawa a kan kuɗin wata na ƙudura wannan a raina, yau Allah ya cika min. Ba mai sake ɗaga wa mahaifinmu murya.

Maganar ƙofa kada ta dame ki. Ke dai tun kina ƙarama akwai ki da ɗaukar abu da zafi. Mutumin da yake kwance keken ɗinki ya mayar da shi da hannu kawai, ba ido, shi ne 'yan ɗakunan nan za su gagara? Ki sayi igiya ki ɗaura daga gadonsa zuwa banɗaki, wata kuma zuwa ƙofar gida. Na ga an yi wa wani haka, kuma ta yi amfani.

Ki riƙe tsarin nan da kyau. Banda labule, banda kafet, banda sabon madubi, har sai mun numfasa. Banki bai san a yi haƙuri ba. Ni ma na karɓi aikin ƙarin lokaci, na kuma fasa hutun bana.

Ki gaishe min da Baba, ki ce ɗansa yana neman addu'a.

Wassalam.
Yayanki

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkiri, direba ya zo ya koma ban iya rubuta komai ba.

Igiyarka na ɗaura. Baba ya laluba ya ji ta, ya ce, "Wa ya sayi akuya?" Na ce shawarar Yaya ce. Sai ya ce to a bar ta. Tana nan, ni ce kullum nake tuntuɓe da ita.

Ka daɗe ba ka zauna da shi ba, bari in tuna maka. A tsohon gida akwai inda filasta ta ɓare, hannunsa na kaiwa nan ya san kwana ce. Kusa da banɗaki ƙasa ta ɗan gangara. Ƙarar keken telan da ke ƙofar gida ita ke nuna masa hanyar waje. Shi yake dafa shayinsa, shi yake kai kansa masallaci, teloli suna kawo masa gyara suna jira ana hira. Baƙo sai ya yi rabin zance bai gane Baba ba ya gani ba. Nan kuwa ko'ina sumul, ƙofofi duk iri ɗaya, in ka yi magana sai ta dawo maka ta baya. Ya buga goshi a ƙofar kicin. Ya zame a tayil. Akwatin kayan gyaransa ko buɗe shi bai yi ba, wa zai kawo masa keke a nan?

Ranar Talata na dawo ban same shi a gado ba. Na same shi a ɗakinka, zaune a ƙasa tsakanin kwalaye. Ya fita neman banɗaki ne ya ɓata. Yaya, bai kai ba. Da ya ji motsina ya ce, "Auta, juya baya." Wallahi ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Na juya, na tsaya ina kallon farin bangon nan ina kuka ba sauti.

Tun ranar ya daina shan ruwa da rana. Gorar da nake ajiye masa, yadda na bar ta haka nake samun ta. In na yi magana ya ce ba ya jin ƙishi. Leɓensa duk ya tsage.

Na nemi mai zama da shi. Abin da matar ta nema ya kai cefanenmu na wata. Na juya lissafin nan ta kowace fuska, ya ƙi. In na bar aiki ba mu da abinci, in na je aiki ba shi da kowa.

Kuma kar ka ce min ina ɗaukar abu da zafi. Da ido muka zaɓi gidan nan, kai a hoto, ni a tsaye. Ba wanda ya kawo Baba ya taɓa bango kafin mu sa hannu. Mun ce za mu ba shi mamaki. To, mun ba shi.

Sai na ji daga gare ka.
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Ban san ta inda zan fara ba. Abokin aikina ya same ni zaune a bayan tanki da takardarki a hannu, ya ɗauka rasuwa aka yi.

Na je wurin shugaban aiki na nemi hutu. Ya ce in na tafi kafin a rufe wannan zangon, wani za su ɗauka, kuma kuɗin ƙarin lokacin ya tafi. Na je wurin akawunmu, mutum ne mai hankali, na tambaye shi batun sayar da gidan. Ya ce a yanzu in mun sayar ko bashin ba zai rufe ba, mu rasa gida mu ci gaba da biya. Na yi masa godiya na fito.

Ga abin da ya rage. Ki je wurin mai gidan haya. Na san maganganun da na gaya masa kafin in taho, ki ba shi haƙuri a madadina, in ta kama ki durƙusa. Ɗakin Baba kawai za ki roƙa, ko na wuni ne, ki ajiye shi da safe ki ɗauke shi da yamma. Zan sayar da babur ɗina, zan daina cin abincin kantin kamfani, a biya.

Ki cire igiyar nan, don Allah. Ki ce masa ya sha ruwa, ki ce ni ne nake roƙo.

Ina gaida ku, Allah ya dube mu.
Yayanki

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Kar ka sayar da babur.

Na je. Mai gidan bai ma riƙe ka a rai ba, har kujera ya ba ni. Amma ya sayar da gidan, wanda ya saya shaguna zai yi, an riga an fara rushewa. Na dawo na rasa yadda zan ɓoye, Baba kuwa daga tafiyata ya gane. Ya ce, "Kin je can, ko? To ni ma ki kai ni."

Ranar hutuna na karya doka na ɗauki tasi. Muna sauka a bakin layi ya zare hannunsa daga nawa. Yaya, da ka gan shi! Ƙafa tsaye, kai sama, ni ce nake sauri a bayansa. Ya kauce wa kwalbati, ya gaida mai burodi tun kafin ya yi magana. Tela ya taso da gudu yana "Baba! Baba ne!" Baba ya tsaya ya saurari keken da yaron shagon ke takawa, ya ce, "Bel ɗin nan ya saki, ku ba ku ji ba?" Aka kwashe da dariya, har da shi. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin mu tare.

Sai ya shiga gidan. Na so in riƙe shi, ya ture hannuna. Ya bi bango da yatsunsa, ya kai inda filasta ta ɓare, ya sha kwana, ya miƙa hannu zai tura ƙofar ɗakinsa. Ba ƙofa, ba bango, ba rufi. Hannun ya tsaya a iska yana lalube. Leburori suka ajiye guduma suna kallo. Ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Rana nake ji a ɗakina."

Da kansa ya nemo hannuna ya riƙe. A tasi, da muka kusa gida, ya ce kar in gaya maka. Ga shi na gaya maka.

Washegari jiri ya kayar da shi, na kai shi asibiti aka sa masa ruwa. Likita ya ce ƙodarsa ta fara gajiya, lallai ya riƙa sha. Na ce to. Me zan ce?

Allah ya tsare ka.
Ƙanwarka

Ɗana,

Sallama irin ta addini. Ni ne nake faɗa, Auta tana rubutawa. Ina lafiya ƙalau. Gida ya yi kyau, kowa ya zo sai ya yaba. Na saba da shi, ina zagayawa ko'ina, ina ci ina sha. Kada ka sayar da komai, kada ka bar aikinka, ka riƙa cin abinci. Ka yi min abin da ni ban iya yi muku ba. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka.

Mahaifinka

Yaya, ya sa na karanta masa, ya ce daidai ne. Wannan na ƙasa ban karanta masa ba. Tun da muka dawo daga asibiti bai sauko daga gado ba sai na ɗaga shi. Hutun da na roƙa a kanti ya ƙare, gobe dole in koma. Zan cika gorar in ajiye kusa da hannunsa, in ja ƙofa in tafi. Don Allah ka gaya min abin da zan yi.

Auta